Muryata a Kaset ɗin Baba Ilu

Ba zan taɓa mantawa da bikin jikar Baba Ilu a Kurfi ba, ko da kuwa na so.

Baba Ilu, Allah ya jiƙansa, shi ne uban kiɗan noma a wajenmu Wurma, ni kuma ina cikin 'yan amshinsa. Zamanin gayya ne, a wuni a gona mai nisa ba mai waiwaye. Kaset ɗaya tak muka taɓa yi, a wani situdiyo a Dutsin-Ma, ɗan ɗaki da aka manna wa katifu a bango. Kowa aka ba shi makirufonsa. Na rungumi nawa, na buɗe maƙogwaro iya ƙarfina.

Da kaset ya fito, akwai wata siririyar murya mai zaƙi da ke tashi sama da ta sauran 'yan amshi. Ina ji na ce tawa ce. (Wa ya taɓa jin muryarsa daga waje?) Ba wanda ya musa mani. Matata ta ji labarin har ta haddace, 'ya'yana ma da shi suka tashi.

Yanzu kiɗan ya mutu. Gangunan sun bushe a rataye, gonakin nesa an bar wa tsoro. Mu biyu muka rage, ni da Tanimu makaɗi, wanda ganga ta cinye wa kunne.

Ranar bikin, mai kayan sauti ya saki tsohuwar waƙarmu daga waya. Matar Baba Ilu tana share hawaye da bakin mayafi. Ni kuwa, da yake ba na jin kira, na miƙe na karɓi makirufo.

"Jama'a, ku kasa kunne, muryata za ta shigo yanzu."

Ta shigo. Na dafa ƙirji, na lumshe ido.

Tanimu ya jawo mani riga. Shi a ganinsa raɗa yake yi, ga makirufo a daidai bakinsa.

"Kai, zauna! Wannan ai muryar marigayi Sule ce, abokin amshinka. Makirufonka ba a ma jona shi ba. Baba ya ce a bar ka ka yi ta yi, kada a faɗa maka, don ka fi kowa son abin."

Lasifika ta kai maganar har bakin titi. Matasa suka kwashe da dariya. Matata ta sunkuyar da kai. Na nemi ƙasa ta tsage, ta ƙi.

Dariyar ba ta yi mani ciwo kamar abin da ya biyo baya ba. Ɗiyar Sule ta zo ta durƙusa gabana.

"Baba, ba komai. Mun daɗe da sani. Shi ma mahaifinmu kafin ya rasu cewa ya yi mu ƙyale ka."

Tun ranar na gane: in kana yabon kanka ka ji kowa ya yi shiru, ba yarda suka yi ba, tausayinka suke ji.