Tayil Talatin da Makullin Shago

"Lafiya lau na kwana, Ango mai ƙafa uku. Ya ƙarfen cinya, bai yi tsatsa ba?"

"Ƙarfe ƙalau, Amarya mai ido huɗu. Ke ce dai na ga kin kwana kin ƙara muni."

Haka mahaifina da 'yata suke gaisawa kowace safiya. Ni ina gefen baranda ina guga, ba na sa musu baki, don in na ce uffan su biyun za su haɗu su dawo kaina.

Baba kafinta ne. Shekara arba'in da wani abu yana shagonsa da ke tsallaken babban titi, daga barandarmu ana hango ƙofarsa. Wata huɗu da suka wuce ya faɗo daga tsani ya karya cinya, aka sa masa ƙarfe. Da ya fara takawa da sanda sai ya ce shi fa shago zai koma. Ni kuwa na ɗauke makullin na jefa a jakata. Titin nan ba abin wasa ba ne: faɗinsa mita goma sha biyu, kuma sakan goma sha biyar kacal danja take ba masu tafiya da ƙafa kafin ta saki motoci. Kwana uku Baba yana amsa gaisuwata da hanci. Daga ƙarshe muka yi yarjejeniya: ran da ya taka mita goma sha biyu cikin sakan goma sha biyar, in miƙa masa makullinsa. Alƙaliyar kuwa jikarsa ce, 'yar ajin ƙarshe a sakandare, wadda ta riƙe darasin Fiziks kamar ita ta haife shi.

Ta gyara tabarau, ta ɗaga wayar da take ƙirga sakan da ita. "To, Tsoho, ga filin tsere. Tayil talatin ne daga ƙofar kicin zuwa bango, kowane santimita arba'in. Nawa ke nan?"

"Ni za ki yi wa jarrabawa? Dubu ɗaya da ɗari biyu. Ina auna katako tun uwarki tana cin ƙasa."

"Santimita ke nan. A mita fa?"

"Ni ban san wata mita ba. Mita ta masu sayar da fili ce. Kafintan kirki da santimita yake magana."

"Ka raba da ɗari, mita goma sha biyu. Daidai faɗin titi. Ka shirya?"

"Ki riƙe wayar da kyau, kada iskar wucewata ta fizge ta."

Ya ja dogon numfashi ya taka. Sanda ƙwas, ƙafa jaa, sanda ƙwas, ƙafa jaa. Wallahi duk lokacin da na ga wannan tafiyar sai zuciyata ta yi nauyi, mutumin da a da yake saɓa ƙofar katako a kafaɗa ya hau bene da ita. Ya taɓa bango yana haki.

"Goma sha shida!" in ji ta. "Ka faɗi, Ango. Jiya ma haka."

"Wayar ce tsohuwa."

"Wayar ta girme ka ne? Zo ka ga lissafi. Sauri shi ne nisa a raba da lokaci. Dubu ɗaya da ɗari biyu a raba da goma sha shida, saba'in da biyar."

Baba ya dafa bango, fuskarsa ta washe. "Nawa kika ce?"

"Saba'in da biyar."

"Allahu akbar! Ke, ba ni makullina!" Ni yake wa magana. "Allon da ke bakin titi hamsin ya rubuta wa motoci. Ni ina saba'in da biyar. Ashe ma ni ya kamata a kama da laifin gudu!"

Yarinyar ta yi dariya har ta zauna a ƙasa. "Kaka, naka santimita ne a sakan ɗaya! Nasu kilomita ne a awa ɗaya!"

"Lamba lamba ce. Saba'in da biyar ta fi hamsin ko a makarantarku ta ƙarya."

"To tsaya in mayar maka. Santimita saba'in da biyar, mita sifili da ɗigo bakwai da biyar ke nan. Awa ɗaya sakan dubu uku da ɗari shida ce. In ka yi ta tafiya awa guda ba hutu, kilomita biyu da ɗigo bakwai za ka ci. Akuya mai ciki ma sai ta ba ka rata."

"Akuyar danginku ce, shi ya sa kika san saurinta."

"Ita kuwa mota mai gudun hamsin, a sakan ɗaya tana cin kusan mita goma sha huɗu. Kafin ka ɗaga sandarka ta shanye barandar nan gaba ɗaya."

Da ta faɗi wannan ba ta yi dariya ba. Na lura, shi ma ya lura.

"Ni dai na gaji da auren nan," in ji Baba, yana zama a kujerarsa. "Mace ba girki, ba shara, sai raba miji da ɗari. Gobe zan nemo wata."

"Wa za ta ɗauke ka? Rabinka mutum, rabinka kayan gini."

"Ƙarfen da ke jikina giram ɗari biyu ne, likita ya faɗa. Ɗari biyu! Ke me kika mallaka har ɗari biyu?"

"Kilo ɗaya a raba biyar ke nan, Tsoho. Sabulun wankin Mama ya fi shi nauyi."

"Kin gani ko? Duk abin da na tara sai kin mayar da shi ɗan mitsitsi."

Ya dubi ƙasa. Ya sa bakin sandarsa a gefen tayil ɗaya, ya ja zuwa ɗaya gefen. Ya sake ja. Sai ya laluba aljihun rigarsa ya zaro tsohon tef ɗinsa na awo, wanda ko asibiti da shi aka kwantar da shi.

"Amarya, zo ki riƙe mini bakin nan."

"Na me? Ai na auna."

"Zo dai. Idona ya tsufa, amma bai taɓa ganin arba'in mai wannan faɗin ba."

Ta zo tana jan ƙafa kamar ita aka sa wa ƙarfen. Ta durƙusa, ta ɗora bakin tef a kan layi.

"Karanta mini, ke mai ido huɗu."

Muryarta can ƙasa. "Arba'in da biyar."

"Ɗaga murya, kunnen ma na aro ne."

"Arba'in da biyar!"

Na ajiye dutsen guga. Ni kaina ban sani ba, sati biyu ke nan ina gaskata ta.

"Madalla," in ji Baba. "To malama, arba'in da biyar sau talatin?"

"Dubu ɗaya da ɗari uku da hamsin."

"A wannan mitar taku fa?"

"Goma sha uku da rabi."

"Wato kullum ina taka titi har da ƙarin mita ɗaya da rabi. To in na ci goma sha uku da rabi a sakan goma sha shida, goma sha biyu fa? Taɓa wayar mu ji."

Ba ta taɓa ba. "Sakan goma sha huɗu da ɗigo biyu. Tun ranar Talata ka ci."

"Ɓarauniya! Santimita biyar biyar kike yankar mini a kowane tayil! Ina kika kai su? Me kika gina da su?"

Na zaci za ta rama. Sai kawai ta cire tabarau tana goge ido da bayan hannu.

"Ni na same ka a ƙasa ranar nan, Kaka. Na biyo daga makaranta in tsokane ka, na tarar da kai kwance cikin garin katako, ina kiran ka Ango ba ka amsa ba. Tsakanin goma sha huɗu da ɗigo biyu da goma sha biyar ko sakan ɗaya babu. In sandar ta zame fa? In wani direba bai jira ba fa? Ni tsoro nake ji."

Ni ma sai na ji idona ya cika. Amma alkawari na yi, kuma mutumin nan ya ci. Na buɗe jaka, na durƙusa na miƙa masa makullin da hannu biyu. Ya karɓa, ya daɗe yana juya shi a tafinsa.

"Ko sakan ɗaya babu," ya maimaita a hankali. "Shekara arba'in ban taɓa yanka katako cif a kan layi ba, sai na bar rara. Wanda ya yanka cif, shi ke zuwa yana kuka." Ya gyara murya. "Ke, mummuna. Lissafinki na ƙarya ne, amma kin fi ni gaskiya. Ni ma in na hango motocin nan tsoro ke kama ni, ban dai faɗa ba ne."

"Ashe Ango matsoraci ne."

"Matsoracin da ya fi mota gudu. Ungo." Ya nannaɗe tef ɗin ya danƙa mata a hannu. "Daga yau naki ne, ki daina yi wa tayil ƙazafi. Amma da sharaɗi. Da safe ki tsallakar da ni kafin ki wuce makaranta, da yamma ki dawo da ni. Ba don ina bukatarki ba. Ina son mai riƙe mini agogo ne."

"Agogo kawai?"

"To, in hannunki ɗaya ya rasa aikin yi, ga gwiwar hannuna nan."

Ta fashe da dariya da hawaye a fuska. "Tsohon tef mai tsatsa, shi ne kyautar? Kai dai an yi marowacin miji."

"Shi ya kama ki, ki girmama shi."

Ko shayinsa bai ƙarasa ba suka fita. Na tsaya a baranda da rigarsa da nake guga a hannu, ina hango su a bakin titi, hannunta cikin nasa. Danja ta ba su hanya, na fara ƙirgawa a fili kamar 'yar aji ɗaya. A goma sha uku sandarsa ta hau dakalin tsallake. Ya juyo ya ɗaga mini makullin sama, bakinsa yana motsi, kuma na rantse cewa yake ita ce ta rage masa gudu.

Can sai na ji ƙarar ƙofar shagon tana buɗewa. Wata huɗu rabon da in ji ta.