Jan Ɗigon da Ke Ƙarƙashin Zobe

"Lafiya lau na kwana, ganinka da sassafe ne dai ya ɓata min shayi," in ji Kaka Noelene, tana shafa wa burodinta bota. "Wa ya rasu ka sa kwat?"

"Ke muke jira, kin ƙi tafiya." Fergus ya dire akwati a kan teburin kicin. "Yau nake jawabi a ƙungiyar masu tara idanun kyamara, ƙarfe biyu. Na biyo ne ki ga yadda manyan mutane suke shiga."

Fergus jikanta ne, shekararsa talatin da huɗu, kuma kaf Ballarat an san cutarsa: tara tsofaffin idanun kyamara, irin waɗanda ake murzawa da hannu. Yawanci daga Japan aka shigo da su, ido iri ɗaya amma sunaye barkatai, kowane kanti da nasa. Aikin masu tarawa shi ne gano ainihin wanda ya ƙera. Shi kuwa gogan ya lura cewa idan ka kwance zoben da ke ɗauke da suna, wasu suna da ɗan jan ɗigo a ciki, kuma waɗannan sun fi 'yan'uwansu fitar da hoto tas. Shekara tara yana bin wannan ɗigo. Yau mutum sittin za su zauna su ji abin da ya gano, wasu tun daga Adelaide.

"Me za ka faɗa musu, angon da ba ya kawo cefane?"

"Abin da ya fi ƙarfin kanki. Akwai wani gwani a Japan, ba wanda ya san sunansa. Duk idon da ya daidaita da hannunsa sai ya ɗiga masa ja." Ya kwance zoben wani ido mai suna Marovex ya tura mata. "Kalla da ido kawai. Hannunki duk bota."

Kaka ta gyara tabarau. Ta duba, ta sake dubawa, sai ta ajiye wuƙar.

"Wannan ai jan farcena ne."

"Rikicin tsufa ya fara ke nan."

"Jan farcena ne, Fergus. Kafin in auri kakanka na yi shekara ɗaya da rabi a wani sito a Melbourne. Idanun suna zuwa cikin akwatuna ba suna, ni nake ɗaura musu zobe. Litinin su zama Marovex, Laraba Denholt, ranar Juma'a kuma duk sunan da mai kantin da zai sayar ya ga dama."

Fergus ya nemi kujera da hannu ya zauna. "Ke? Ke da ba ki iya ɗaukar hoto ba sai kin yanke wa mutane kai?"

"Ni ɗin dai."

"To me ya hana ki faɗa min?"

"Ka taɓa tambaya? Kai dai ka zo ka cinye min biskit ka tafi."

Tsoro ya kama shi sosai. Da ƙyar ya ce, "To ɗigon fa? Na mene ne?"

"Na waɗanda suka suɓuce min suka faɗi ƙasa."

Fergus ya juya idon a hannunsa.

"Suka faɗi," ya maimaita.

"A kan siminti. Teburin yana girgiɗi, ni kuma hankalina yana kan wani direban motar kaya mai gashin baki. Kakanka ke nan, Allah ya ji ƙansa, shi ya jawo maka."

"Kaka, goma sha ɗaya gare ni masu ɗigo."

"Ashe kaɗan ka samu."

Ya dafe kai da hannu biyu. Shafi ashirin ya rubuta a kan gwanin nan. Har gari ya zaɓa masa, ya ce mai yiwuwa tsoho ne mai haƙuri da tsabtar hannu. Yanzu ga gwanin a gabansa cikin silifas, da ɓurɓushin burodi a haɓa.

"Kin kashe ni. Nan da 'yan awanni zan tsaya in ce wa mutum sittin na ɓata ƙuruciyata wajen tara abin da wata tsohuwa ta yar."

"A lokacin ba tsohuwa ba ce, ka iya bakinka."

Can sai ya ɗago. "Tsaya. To me ya sa suka fi kyau? Na gwada su sau ɗari, ba mafarki na yi ba."

"Saboda ina tsoron kora mana. Duk wanda ya faɗi sai in ɓoye shi a jaka. Lokacin cin abinci in buɗe shi, in goge gilasan ɗaya bayan ɗaya, in yi ta juya su har sai na karanta allon motar da ke tsallaken titi. Sauran kuwa ba wanda ya taɓa leƙa cikinsu. Ɗigon don in gane nawa ne in an dawo da shi. Ko ɗaya bai dawo ba."

Fergus ya daɗe yana kallon hannuwanta. Kunya ta rufe shi, ga kuma wani daɗi da bai shirya masa ba.

"Wato gwanin dai yana nan."

"Yana nan, kuma shayinsa ya huce saboda surutunka."

Dariya ta ƙwace masa. Ya miƙe, ya gyara kwat, ya rusuna. "Na bi, ranki ya daɗe. Ki taimaka ki zo ki faɗa musu da bakinki, ni ba za su yarda da ni ba."

"Sai in ka wanke motar nan taka."

Ta jawo aljihun tebur, ta tona cikin cokula da tsofaffin makullai, ta zaro wani ido duk ƙura, wanda take zura zare a allura da shi. Ta cilla masa, ya cafe da ƙyar. Nan take ya kwance zoben.

"Kaka, ɗigo biyu ne a nan."

"Riƙe shi da kyau," ta ce, tana neman takalminta. "Wannan sau biyu ya faɗi."