Ranar da Na Yi wa Ambaliya Kirari

Ko da tsufa zai kwashe mini komai, ba zan taɓa mantawa da ranar da aka tsayar da ni a tsakar gida, ni da aikina shi ne tsayar da ɗiyan mutane gaban allo, aka ce in karanta rubutun hannuna da ƙarfi ba. Har yau in na tuna sai in ji kunnuwana sun yi zafi. Kuma abin haushin, na yi ta neman wanda zan ɗora wa laifin, na bi kowa ɗaya bayan ɗaya, kullum lissafin a kaina yake ƙarewa.

Ni mutumin arewa ne, can wajen Tanut, inda ruwa ke kwance a ƙarƙashin ƙasa sai an roƙe shi da igiya da raƙumi. Da aka turo ni Gaya koyar da Faransanci a kolej, ranar farko da na tsaya bakin kogi na ga ruwa yana tafiyarsa shi kaɗai, ba guga, ba layi, ba mai gadinsa, sai da na yi salati. Daga ranar wayata ta daina zama waya, ta koma na'urar ɗaukar foto.

Muna da gurup a waya, mu tsofaffin ɗaliban makarantar horon malamai da aka watsa cikin ƙasa kamar an sheƙe gero. Mutanen kirki suna sa labarin haihuwa, ko rasuwa, ko canjin wurin aiki. Ni kuwa giginya nake sawa. Giginya da safe, giginya da yamma, jerin kamiyo, manyan motocin kaya, masu jiran tsallaka gada zuwa Malanbil, raken Bengu a kan amalanke, mata masu suyar kifi, har da sabon takalmina ranar da na saye shi. Kuma ba na sakin foto tsirara, sai da bayani a ƙasa, wanda nake fara rubutawa a takarda in bi shi da jan biro (malami ko a kabari zai gyara wa mala'ika waƙafi). Abokina Ilu, da ke koyarwa a Agadas, ya raɗa mini suna Wakilin Aljanna. Zolaya ce, amma na karɓe ta a matsayin lambar girma.

Ɗaki na kama a gidan Baba Tanimu, tsohon direban kamiyo da ya ajiye tuƙi. Matarsa Inna Hajo tun makon farko ta kafa doka cewa gwauro ba zai hura wuta a gidanta ba, abin kunya ne gare ta. Saboda haka kowace magariba kwanon shinkafa ke iske ni bakin ƙofa, shinkafar gonarta ta kanta, wadda ta gada wajen mahaifinta. Shekara biyu ina ci. Na san manyan biranen ƙasashen da ba zan taɓa takawa ba, amma ko sau ɗaya ban tambayi inda gonar nan take ba. Ku riƙe wannan, za mu dawo gare shi.

A ƙarshen daminar da nake ba ku labari, na dawo daga babban hutu na tarar da gidan shiru. Aka ce Inna tana Doso wajen ɗiyarta Zeinabu, ana duba ta saboda hawan jini. Na gaida Baba Tanimu, na tambaye shi damina. Ya ce ruwa ya yi yawa bana. Na ce Alhamdu lillahi, albarka ce. A garinmu ba a taɓa yi wa mutum jajen yawan ruwa ba, to ina zan koya? Ya dube ni irin duban da direba ke yi wa jakin da ya tsaya tsakiyar hanya, ya shige ɗaki.

Ga abin da ban sani ba. Kwana goma kafin dawowata kogi ya tsallake gaɓa ya kwanta a kan gonakin fadama, shinkafa kuwa ta riga ta ɗauki ciki. Gonar Inna ta nutse gaba ɗaya. Likita ya ce kada a tayar mata da hankali, don haka iyali suka haɗa baki a ɓoye mata. Kowace safiya Baba yana kiranta ya ce shinkafa lafiya lau, ta kai ƙirji, kore shar. Unguwa duk ta san da sirrin, har mai sayar da kalanzir. Mutum ɗaya aka ware da gangan. Daga baya na ji cewa Baba da kansa ya ce kada a gaya wa Mushe (haka ake kiran malamin boko a nan, wato ni), don duk abin da ya ji sai ya sa a waya. To ba a gaya mini ba. Ku ga amfanin da hakan ya yi.

Washegari da sassafe na ɗauki waya na nufi bayan gari neman abin da zan buɗe sabuwar shekara da shi. Na hau wani tudu, sai ga ruwa shimfiɗe iyakar ganin ido, luf, ko motsi ba ya yi, gajimare na duba fuskarsa a ciki. Balbelu farare tas. Nan da can wasu korayen tsirrai sun leƙo da kai, na ɗauka ciyawa ce Ubangiji ya yayyafa don ado. A tsakiya kuma wata giginya mai karkataccen wuya tsaye cikin ruwa ita kaɗai. Akwai wani dattijo a cikin kwalekwale ya zuba tagumi yana kallon ruwan. Na ɗaga murya na roƙe shi ya ɗan matsa hagu don yana tare mini giginyar. (Ya matsa. Bai ce uffan ba, ya matsa. Wannan mutumin nake fara tunawa duk sa'ad da na ji ana wa'azin haƙuri.)

Na zauna a kan tudun na rubuta bayani, na gyara sau uku, na aika. Rezo, wato layin wayar garin nan, wanda kan ɗauki rabin yini kafin ya kai gaisuwa Yamai, ran nan ko tari bai yi ba. Kafin in sauko yabo ya fara zuba. Wannan ya ce Masha Allah, wancan ya ce zai nemi a maido shi Gaya. Na koma gida ina taku kamar wanda ya haƙa kogin da hannunsa.

Cikin gurup ɗin akwai Madam Rabi, mace mai zuciyar zinariya, wadda ke koyarwa a Doso, kuma katanga ɗaya ta raba gidanta da na Zeinabu. Ta ga foto, ta tuna da tsohuwa mai jinya da ke kewar gida, ta ce bari ta je ta faranta mata rai. Ta kai mata wayar har kan gado, ta ce Inna ga garinku, dubi kyau. Ta kuma karanta mata bayanin, har da amsoshin da ke ƙasansa. Da ta ga tsohuwa tana ƙura wa foton ido, sai ta ɗauka daɗi ne ya kama ta, ta sake karantawa. Sau uku.

A ƙarƙashin giginyar nan mai karkataccen wuya Inna ta yi wasan ƙasa tana yarinya, mahaifinta na shuka. Ko a mafarki za ta gane ta. Ba ta yi kuka ba, in ji Zeinabu. Cewa ta yi a miƙo mata mayafinta da ledar magunguna, a je tasha.

Kashegari na dawo daga taron malamai bayan azahar, na ga takalma tuli a ƙofar gida. Na ce shi ke nan, tsohuwa ta cika. Na shiga da Inna lillahi a bakina, sai na gan ta zaune daram a kan tabarma, mata sun kewaye ta, dattawan unguwa a kan benci sun zo jajen gona tunda asiri ya riga ya tonu. Baba Tanimu yana can gefe kan turmi, ya zama ɗan ƙarami. Zeinabu ta yi mini kallon da sufeto ke yi wa malamin da bai shirya darasi ba.

Na durƙusa na gaida Inna, na tambayi jiki. Ta ce jiki ya gode. Sannan ta ce in tashi tsaye, in fiddo wayata, ta ji an ce na yi wa gonarta waƙa, tana so ta ji daga bakin mai ita.

A nan ne kaina ya haɗa ɗaya da ɗaya: ruwa, korayen tsirrai, tagumin mai kwalekwale, kwanon magariba. Na ce Inna wallahi ban sani ba. Ta ce ta san ban sani ba, ai shi ya sa za a yi karatu.

"Da ƙarfi, Mushe. Yadda kake sa ɗiyan mutane su yi."

Na karanta. Ga abin da na karanta, gaban mutanen da kowannensu ke da abincin shekara a ƙarƙashin ruwan nan: "Ya ku mazauna rairayi, ku zo ku ga yadda Ubangiji ke shimfiɗa madubi. Yau Gaya ta yi ado kamar amarya, ta sa azurfa tun daga goshi har sawu." Wani dattijo ya yi gyaran murya. Wata mata ta ce amarya kam, an kai ta ba dawowa. Na fara mai da waya aljihu.

"Ka tsallake layi," in ji Inna. "Ni ban yi lekol ɗinku na boko ba, amma sau uku aka karanta mini."

Na sake fiddo waya. "Da ma ruwan nan ya dawwama, kada ya janye har abada."

"Sai abokinka na Agadas ya ce mi?"

"Ya ce Allah ya ƙara muku."

"Kai kuma ka ce mi?"

Na duba ƙasa ko za ta yi mini alfarma ta tsage. Ƙasar Gaya, da ta sha ruwa ta yi laushi, ran nan ta ƙi. Na ce, "Na ce amin, har ya zo ƙofar gida."

Duk tsorona kada jinin tsohuwa ya hau ta faɗi, a rubuta a tarihin unguwa cewa malamin Faransanci ya kashe uwar ɗakinsa da adabi. Sai na ga kafaɗunta suna rawa. Na ce to ga shi nan ya zo. Ashe dariya take yi, irin wadda ke fitowa da hawaye, ba ka san wanne ya fi yawa ba.

Ta share ido da bakin mayafi, ta juya wajen mijinta. Ta ce shekara arba'in tana zaune da mutum, kwana goma yana auna mata shinkafa a waya, yau ta kai gwiwa, gobe ta kai ƙirji, saura kaɗan ya ce an yanke an kai rumbu. Ta ce ɗiyar da ta haifa, da maƙwabtan da suka ci gishirinta, duk sun mai da ita jaririya, kamar ba ta taɓa ganin kogi ya ci gona ba. Sannan ta nuna ni da haɓa.

"Duk gidan nan mutum ɗaya ya gaya mini gaskiya. Shi ma don ba shi da wayo ne."

A rayuwata an yabe ni, an kuma zage ni, amma ran nan ne kaɗai aka haɗa mini su a kwano ɗaya. Da yamma wata ma'aikaciyar asibiti da ke unguwar ta zo ta auna ta, ta ce jinin ya fi yadda yake a Doso sauka. Aka ce a auna Baba shi ma. Nasa ne ya hau. Ya yi mako biyu yana amsa gaisuwata da hanci, kuma ban ga laifinsa ba, ko da yake har yau ina ganin da ya ja ni gefe ya faɗa mini kalma uku, da duk mun huta.

Da magariba kwano ya zo kamar kullum, Zeinabu ce ta dire shi. Na buɗe: tuwon dawa. Ta ce Inna ta ce a gaya mini shinkafata tana ƙarƙashin madubi, in ina so in je in ɗauko.

Ban tsira a nan ba. Da ruwa ya janye (bai saurari addu'ata ba, Allah mun gode) aka zo dashen rani, Inna ta ce tunda ina son gonar har haka, ya kamata mu san juna. Asabar uku ina duƙe cikin taɓo har gwiwa, ina dasa shinkafa a karkace, mata na bina a baya suna gyarawa, ba jan biro amma da baki. Gonar da ke jikin tamu ta mai kwalekwalen nan ce. Na je na ba shi haƙuri. Ya saurare ni har na gama, sannan ya ce ba komai, amma in ɗan matsa hagu, ina taka masa iri.

Ranar ƙarshe Inna ta sa Zeinabu ta ɗauke ni foto da wayata, duƙe, wando a naɗe, taɓo har gira, giginya mai karkataccen wuya a bayana. Ta ce a sa a gurup, kuma ita za ta faɗi bayanin. Layi ɗaya ne: "Mushe ya gano inda shinkafa ke fitowa." Duk rubuce-rubucena na shekara biyu ba wanda ya samu rabin amsar da wannan ya samu. Ilu ya ba ta ashirin bisa ashirin, ya ce ni in maimaita aji.

Ban daina ɗaukar foto ba, mai hali ba ya barin halinsa. Amma yanzu in na ga wuri ya yi kyau fiye da kima, nakan fara duba fuskar mutumin da ke tsaye kusa da shi. In ya zuba tagumi, sai in mai da waya aljihu in yi sallama, in tambayi na wane ne a ƙarƙashi.