Jawabin da Ya Sha Man Ƙosai

Ba zan taɓa mantawa da wata safiyar Alhamis ba, ko da na so in manta, domin har yau akwai tsofaffin abokan aiki a Sakkwato da ba su san ni da wani suna ba sai wanda na samo a ranar. Zamanin mulkin soja ne, kuɗin mai ya fara ja da baya amma bai ƙare ba, gwamnati na iya sayen abin da ba ta san amfaninsa ba. A irin wannan sayayya aka kawo wa ma'aikatarmu kwamfuta guda ɗaya. Aka ware mata ɗaki, aka sa mata labule da iyakwandishan, mu kuwa 'yan Adam muna gasuwa a ƙarƙashin wata fanka mai kuka.

Mu biyu ne masu buga tafireta a ofishin Babban Sakatare, ni da Malam Ladan. Ni ɗan birni ne, haifaffen Ƙofar Taramniya, ina da takardar sakandare da Vespa. Shi kuwa kullum daga Wamakko yake tahowa a kan wata tsohuwar Honda, wani lokaci da laka a bakin wando. Amma bai taɓa makara ba, kuma zai buga shafi goma ba ka ga inda ya shafa farin ruwan gyara ba. Babban Sakatare in zai kira shi sai ya ce, "Ladan nawa." Ni kuma shekara huɗu ina wurin, sunana "kai". Ba zan ɓoye ba, hassada nake yi wa mutumin nan, irin wadda ke hana ka jin daɗin abinci. Abin da ya fi ƙona min rai shi ne kirkinsa. Kowace safiya sai ya sayo ƙosai a wurin Inno da ke suya a bakin ƙofar ma'aikata, ya tura min rabi, ya ce, "Bismilla, ƙanena." (Ina ci, ba na ƙi. Hassada daban, yunwa daban.)

Ana haka sai aka ce za a ɗauki ɗaya daga cikinmu ya zama sakataren Babban Sakatare na musamman, da teburinsa a ƙofar ofis, da wayar tarho a kai. Kowa ya san wanda za a ɗauka. Sai ga kwas na koyon kwamfuta na sati biyu a Kaduna, Malam Ladan ya nemi uzuri saboda girbin shinkafarsa, aka tura ni. Na dawo da mukullin ɗakin sanyi a aljihu, da Turanci a baki, da tabarau a fuska (idona lafiya lau, na dai lura duk malaman kwas ɗin suna sawa). A raina na ce teburin nan ya zama nawa.

Kamfanin da ya kawo kwamfutar yana da wani ɗan shago a Sabon Gari da injiniya guda. Injiniyan ne ya sa mata manhajar ajiya. Kafin a tashi aiki sai ka zura faifai, ka danna maɓalli, ta yi gurnani, ta rubuto maka da Turanci cewa an ajiye komai. Injiniyan ya ce ko ginin ne ya ƙone, muddin faifan na hannunka, aikinka na nan. Na sayi ƙaramin akwati na jera faifai uku a ciki, na sa kwaɗo, don kada wani daga Wamakko ya koya.

Wata rana Malam Ladan ya leƙo yana shan sanyi a bakin ƙofa, ya ga ina ajiyar. Ya ce, "Ƙanena, halan ka taɓa maido wani abu daga cikinai, ka gani da idonka?"

Na ce, "Malam, wannan ba rumbun gero ba ne da za a riƙa leƙawa."

Ya yi murmushi ya ce, "Hakanan na," ya koma kan tafiretarsa.

Gaskiyar magana tambayar ta tsaya min a rai, don ni ma na lura da wani abu: ko shafi ɗaya na buga ko talatin, gurnanin ajiyar tsawonsa ɗaya ne. Na kira kamfanin ta tarho, wata mata ta ce injiniya ya tafi Kaduna. Na sake bugawa bayan kwana uku, ta ce ya fita salla. Na hau Vespa na je Sabon Gari, na same shi yana cin shinkafa a bayan kanta. Ko ɗaga kai bai yi ba ya ce, "In ta ce ta ajiye, ta ajiye." Da wani ne ya yi min tambayar, da na tsaya sai an gwada a gabana. Amma tunda Malam Ladan ne, amsar injiniya ta yi min daɗi, na dawo da ita kamar tsaraba.

Sai ga jawabi ya taso. Gwamnan soja zai je raba wa manoma taraktoci, Babban Sakatare ne zai yi jawabin maraba, ranar Alhamis bayan la'asar. Sati biyu ya yi yana rubuta shi da hannunsa, da koren alƙalaminsa da ba mai amfani da irinsa a ma'aikatar, shafi goma sha huɗu. Shafi uku na farko gaisuwa ce zalla: gwamna, manyan hafsoshi, uwayen ƙasa, hakimai, kowa da sarautarsa, kowa a matsayinsa. Sai da ya yi ta aike ana tambayo masa wa ke gaban wa, don in ka ambaci wani kafin wanda ya girme shi a sarauta, ka jawo wa kanka abin da sai ya bi ka har ritaya. Bisa al'ada Malam Ladan ke buga irin wannan. Na yi ta naci har aka ba ni.

Ranar Talata na gama, na zura faifai, ta yi gurnani, ta ce an ajiye. Na maimaita a na biyu da na uku. To a ma'aikatarmu duk takardar da ta gama amfani ba a zubarwa, Inno ake kai wa ta ƙunsa ƙosai, ita kuma ta riƙa yi mana gyara. Safiyar Laraba na tattara tarkacen ɗakina, na ɗora rubutun hannun Babban Sakatare a ciki, na bi ta gaban teburin Malam Ladan da gangan, na ce, "Malam, zamanin takarda ya wuce." Bai san abin da ke cikin tarin ba, ya ce Allah ya sa alheri. Na kai wa Inno, ta ƙara min ƙosai biyu.

Ranar Alhamis da hantsi Babban Sakatare ya shigo ɗakin kwamfuta tare da wani Manjo daga gidan gwamna, wanda ya zo duba shiri. Malam Ladan na biye da su riƙe da fayil. Ko kwafi ɗaya ban fitar a takarda ba, kuma da niyya na ƙi, don na kwana biyu ina shirya abin da zan yi. Na nuna musu jawabin a gilashin kwamfutar, na hau da shi na sauka. Manjo ya gyaɗa kai. Babban Sakatare ya juya ya ce, "Ladan nawa, ka ga ikon Allah?" Aikina ne, ɗakina ne, amma Ladan ake nuna wa. Nan jinina ya hau.

Na gyara tabarau na ce, "Ranka shi daɗe, ba ka ga komai ba. Yanzu zan share jawabin nan kaf a gabanka, in maido shi."

Babban Sakatare ya ce, "Kai, mi kaka shirin yi? Kak ka yi wasa da jawabin ga."

Na ce, "Zan maido shi, ranka shi daɗe."

Ko ita kwamfutar sai da ta tambaye ni sau biyu ko na tabbata. Sau biyun ina kallon Malam Ladan na danna mata e. Gilashi ya yi wayam. Na buɗe kwaɗon akwatina a hankali don kowa ya gani, na zura faifai, ta yi gurnani, sai ga sunan jawabin ya fito. Na yi murmushi na buɗe shi. Babu ko harafi ɗaya a ciki.

Na ce, "Zan maido shi." Na zura na biyu. Suna ya fito, ciki fanko. Na ce, "Zan maido shi." Na hura na ukun, na goga a riga, na yi bisimilla a fili. Shi ma haka. A ɗakin da ya fi ko'ina sanyi a ma'aikatar, gumi ya jiƙa min kaftani har tabarau na zamewa daga hancina. Manjo ya fara buga 'yar sandarsa a tafin hannu.

Aka jawo min tarho na buga wa kamfani, kowa na saurare. Matar nan ta ɗauka. Ta ce injiniya ya tafi Kaduna, sai bayan sati biyu. Na ce jawabin gwamna ne, yau za a karanta. Ta ce in kashe in kunna. Na ce na yi. Ta ce to in sake, ta ajiye waya.

Babban Sakatare ya yi magana a hankali, irin muryar da ta fi tsawa ban tsoro. "Ba komi. Kawo takardun da nir rubuta, Ladan shi buga."

Na hau mayar da faifan cikin akwati kamar ban ji ba.

"Ina takarduna?"

"Suna wurin Inno, ranka shi daɗe."

"Wace Inno?"

"Mai ƙosai."

Manjo ya juya baya, kafaɗunsa na rawa. Ni kuwa ban jira komai ba na zuba da gudu. Na ji Malam Ladan na kira, "Ƙanena, tsaya, tsaya ka ji!" Na ce a raina dariya yake so ya yi min, ban waiga ba. Na ratsa farfajiya, na durƙusa gaban kaskon Inno ina birkita takardunta, masu saye na ja da baya. Har na fizge ƙunshin wani direba na zazzage masa ƙosai a hannu, ashe tsohuwar takardar neman hutu ce.

Inno ta ce, "Subhanallahi! Mi ya hwaru, ɗan nan?"

Na ce masu koren rubutu nake nema.

Ta ce, "Ai Malam Ladan ya kwashe su tun jiya. Ya sayi ƙosai yag ga rubutun maigida, yak kawo min jaridu munka yi musaya. Ukku sun riga sun tahi, sai da yab bi masu su ɗai-ɗai yak karɓo."

Da na koma, na tarar an baje shafi goma sha huɗu a kan teburin Malam Ladan, huɗu daga ciki sun sha mai har ana hango katako ta cikinsu. Ya riga ya zura takarda a tafireta. Babban Sakatare na tsaye a bayansa, hannu a kafaɗarsa. Ya dube ni ya ce, "Kai mai tabarau, tunda kai ka ganin nesa, karanta mishi wuraren da mai yat taɓa." Haka na tsaya a ƙarƙashin fankar nan ina ɗaga takarda ga hasken taga, ina karanto sarautun hakimai ɗaya bayan ɗaya, ofis na ƙamshin ƙosai, Malam Ladan na bugawa ba kuskure. Kafin azahar ya gama.

An karanta jawabi lafiya, ba wanda aka tsallake. Ƙarshen wata aka ba Malam Ladan teburin da tarhon. Injiniya kuwa sai bayan sati uku ya zo, ya danna nan ya danna can, ya ce ai ita manhajar, sunayen aiki kawai take ajiyewa in ba a buɗe mata wani wuri ba. Ya ce, "Ba a gaya maka ba?" Na ce wa zai gaya min in ba shi ba? Ya miƙo min takarda in sa hannu cewa ya zo kuma na gamsu. Na sa.

Burina dai ya cika ta wani ɓangare, don Babban Sakatare ya daina ce min "kai". Washegari ya leƙo ya ce, "Ina Maido?" Kafin sati ya zagayo, daga masinja har Inno, kowa Malam Maido yake kirana. Mutum ɗaya ne kawai bai taɓa furta sunan ba har ya yi ritaya, bai kuma taɓa tayar min da zancen ranar ba. Kullum da safe sai ya taso daga sabon teburinsa da ƙunshi a hannu, ya kira ni da sunana na yanka, ya tura min rabi. Wannan ma sai da na yi shekaru kafin in yafe masa.

Yanzu ko waya ce ta ce min ta ajiye hotunan jikokina, sai na buɗe na ƙirga su da idona. Kuma in wanda nake jin haushinsa ya yi min tambaya, nakan daure in saurara, don na gane sau da yawa shi ne ke riƙe da takarduna.