Malam Tabarma Ɗaya

Haƙƙin da ke wuyana, a matsayina na sakataren kwamitin lafiya, a fili yake: in tara matan Aujara, na gari da na rugage, su faɗa wa likitar da ta zo daga Dutse abin da suke so a bincika game da haihuwa. Idan suka yi shiru, za a mayar da binciken wani gari.

Da yake ni ba na nuna bambanci, na shimfiɗa tabarma ɗaya, na zaunar da kowace matashiya kusa da surukarta. Likita ta yi tambaya, kowacce ta sunkuyar da kai. Na rubuta cewa taro ya natsu.

"Malam sakatare," in ji likita, "kai ka taɓa zancen haihuwa a gaban surukinka?"

Allah ya rufa mini asiri, aka kira azahar. Tsofaffi suka tashi alwala, ni ma aka sallame ni, sai bakin matan ya buɗe har la'asar. Bincike ya zauna a Aujara.

Sai dai har yau, ko a wajen ɗaurin aure, Malam Tabarma Ɗaya ake kirana. Ina roƙon hukuma ta binciko wanda ya fara.