Rasuwar Altimitan Kyaftin a Kan Teburin Falo

Da zuciya mai nauyi da baƙin ciki, Kyaftin, tsohon matuƙin jirgin sama, yana sanar da 'yan'uwa da abokan aiki rasuwar altimitansa, wato agogon nan mai allura da ke gaya wa matuƙi nisansa daga doron teku. Marigayin ya cika ranar Talata da hantsi, a kan teburin falo, tsakanin rediyo da kwalbar maganin ido.

Duk wanda ya zauna da marigayin ya san shi da gaskiya. Matsin iska yake aunawa, iska kuwa ba ta kwana yadda ta yini, don haka kullum sai an tambayi ma'aikatan hasumiyar filin jirgi lambar ranar, a murɗa masa ita ta ɗan maɓallinsa. Ka ba shi lambar kirki, ya sauke ka lafiya cikin hazo. Ka ba shi ta jiya, ya rantse maka kana can sama alhali kana shafar kan itatuwa. Bai taɓa yin ƙarya ba sai wadda aka fara yi masa, halin da Kyaftin ke cewa ya nema a jikin mutane ya rasa.

Da likita ya duba idon Kyaftin ya ce tuƙi ya ƙare, aka kuma kwance tsohon jirginsa, sai ya roƙi altimitan ya kawo shi gida. Tun daga nan kowace safiya yake buga wa hasumiya waya ya karɓi lamba, ya murɗa, ƙas-ƙas-ƙas, ya ƙwanƙwasa gilashin da farce, allura ta tabbatar masa falo bai motsa ba. Maiɗakinsa takan ce, "To, mun sauka lafiya? A kawo shayi?" A wayar hasumiyar nan kaɗai ake kiransa Kyaftin da gaske. Ko'ina kuma Baba ne, a yi hankali da matakala.

Ajali ya zo ne ta hannun ƙanen maiɗakin, mai gyaran agogo, mutum mai son taimakon da ba a nema ba. Ya ga agogo mai lamba goma kacal, allurarsa ba ta tafiya, tausayi ya kama shi. Ya ɗiga masa mai, ya kafa baki a 'yar ƙofar da iska ke shiga ta baya, ya hura iya ƙarfinsa don ya fitar da datti. Allura ta yi ta juyawa kamar ta ga abin tsoro, wani abu ya ce tas a ciki, ta tsaya cak. Aka kira injiniya, ya duba ya girgiza kai. Mai gyaran agogo dai har yanzu cewa yake, "Yaya, ai dama ba ya ba da lokaci daidai."

Marigayin ya bar Kyaftin, da kamfas, na'urar nuna gabas da yamma, mai karkata, da tsohuwar hular aiki, da wata manhajar waya da babban ɗan gidan ya sauke, wadda ke faɗin tsayi ba tare da an gaisa da kowa ba. Iyalan ba su amince da dangantakarta da mamacin ba.

Za a naɗe shi da tsumman goge gilashi a kai shi saman kabad gobe da safe. An yafe wa mai gyaran agogo halarta. Sauran jama'a suna iya zuwa falo. Ma'aikatan hasumiya kuwa kada su wahalar da kansu da zuwa: Kyaftin zai kira da safe kamar kullum. Yana roƙon duk wanda ya ɗauka ya faɗa masa lambar, kada ya tambaye shi inda zai sa ta.