Ƙanzon Gidan Yallaɓai

Jiya da hantsi, da wani daga cikinku ya leƙa bayan wani katafaren gida a Nassarawa GRA, da ya ga dattijo ya zura kai cikin tukunya har kafaɗa. Ni ne. Ba hauka na yi ba, tukunyar maiɗakina Hafsatu na je ceto.

Hafsatu girkin biki take yi, kuma babbar tukunyarta, wadda ta gada wurin mahaifiyarta, ita ce gonarta. Ran Asabar ma tana da aikin ɗaurin aure a unguwarmu Gawuna. To, ran Laraba aka ɗauke ta ta dafa shinkafa a gidan Mai Girma Garkuwan Alkawari, domin walimar buɗe Gidauniyar Yaƙi da Almubazzaranci. Madalla da wannan suna! Tun da aka dawo da shari'a carbin manyanmu ya ƙara tsawo, halin ne dai yana nan inda aka bar shi.

Shinkafa ta nuna da azahar. Hafsatu za ta janye itace, sai ga wani Sanusi, Mai Ba da Shawara na Musamman kan Harkokin Murhu.

"Hajiya, kul! Yallaɓai ne zai ɗaga murfin nan da hannunsa mai albarka a gaban masu hoto, kuma dole a ga tururi."

"Ranka ya daɗe, ai za ta kama."

"Ta kama mana. Ke ce za ki koya wa gwamnati aiki?"

Yallaɓai bai iso ba sai bayan la'asar. Ya ɗaga murfi, hayaƙi ya turnuƙe, aka yi kabbara, aka tafa. Ya yi wa'azi mai ratsa jiki kan tattali, sannan aka kwashi shinkafa buhu guda aka kai bola.

Tukunya kuma aka hana ta fita, wai kada 'yan adawa su gan ta baƙa. Shi ne na tako da ƙafa tun daga Gawuna, don 'yan acaɓa duk suna layin mai. Na tarar an saka ma'aikata uku sun goge bayanta da soson ƙarfe, tana walƙiya kamar sabuwar mota. Cikin kuwa ƙanzo ne baƙi ƙirin, kaurin yatsa biyu, ba wanda ya ko kalle shi.

"Malam, ka ga aiki?" in ji Sanusi.

"Na gani. A bayan tukunya kuke cin abinci a gidan nan?"

"Ai bayan ake gani a hoto."

Da na matsa a kan sai an kankare cikin, sai ya ce a kawo diga. Na ce wallahi sai dai a fara sara ta kaina. Ban yi boko ba, amma na san ƙanzo ba ya jin tsawa. Ruwa ake zubawa ya rufe shi, a jefa kanwa, a tafasa, a bari ya huce, sannan a bi shi da muciya a hankali, a ƙarasa da toka. Ruwa kam ba matsala: famfon da mu muke jin labarinsa a rediyo, a can furanni yake yi wa wanka.

Awa uku ina fama. Ƙanzo ya yi laushi, ya ɗago faifai guda. Na ɗaga tukunyar don in duba, sai na hango rana ta gindinta. Wuta ta riga ta cinye ƙarfen tun ran Laraba. Ashe ƙanzon ne ya toshe hujin.

Sanusi ya ja da baya, ya ce, "Ka gani ko? Lafiyarta ƙalau kafin ka taɓa ta."

Da na kai tukunyar gida, Hafsatu ba ta yi kuka ba. Ta aika wa masu biki su nemi wata mai girkin, ta ce Allah ya isa, ni kuma na ce amin da ƙarfi.

Amma ku shaida, na daina zagin manyanmu kan ƙin kankare dattin ofisoshinsu. Bayin Allahn nan sun fi mu sanin abin da ke ƙarƙashi.